Gyaran Zane a Tudun Wada

Sajan Dogara ne ya kawo shi da yamma,
ɗaure a kan keke mai ƙafa uku da igiyar shanya.
Ya ce daga ɗakin cin abincin hafsoshi ya fito,
rufi ya yi yoyo damina biyu ba wanda ya kula,
gara kuma ta bi ta baya ta yi kalaci.
"Ka mai da shi yadda yake. Juma'a zan dawo."

Ni mai rubuta allon shago ne.
Nakan zana kifi ga mai kifi, zakara a bayan tirela,
"Ba bashi" a bangon mai shayi.
Na jingine shi jikin gwangwanayen fenti,
na jawo fitila kusa.

Ga ganuwa ja, an huda mata ciki.
Ga hayaƙi fari tas kamar saɓin auduga.
A tsakiya Bature, tsaye, hannu a sama,
ko ɗigon gumi babu a kakinsa,
rana ta bar kowa ta zauna a goshinsa.
Mai zanen ya ƙirga masa maɓallai, bakwai, kowanne da ƙyallinsa,
gashin baki ma an bi shi sili-sili.

Bayansa, namu.
Jar dara, gajeren wando, ƙafa ba takalmi.
Na ƙirga talatin da ɗaya.
Fuska kuwa shafa guda ce ta baƙin fenti,
kamar an dangwali gindin tukunya
an bi su ɗaya-ɗaya ana sauri.
Na kan ganuwa ko wannan ba su samu ba,
ɗige-ɗige ne, suna zuba kamar kanya ta nuna.

A ƙasa an yi rubutun Turanci, na haɗa baƙaƙen da ƙyar.
Jarumta, in ji su.

Kakan babana, Jatau, yana cikin masu jar dara.
Bai yi harbi ba. Ƙafar bindiga mai ruwa ya ɗauko
tun daga bakin kogi,
kafaɗarsa ta yi kanta har ranar da aka wanke shi.
Inna Kande ta ce bai ƙara cin gasasshen nama ba,
in ana babbaka a unguwa sai ya ɗau fartanya ya tafi gona.
Kakan uwata, Barau, yana kan ganuwa
da kwari da baka da layu ɗinke a riga.
Shi ba labari, ba kabari.
Takalminsa ɗaya wani ya kawo gida.

Su biyun ba su san juna ba,
a jinina suka haɗu suka zauna,
yau ga su a shagona ƙarƙashin tabon ruwa.

Na cike hannun Bature da gara ta ci,
aikina ne, an ba ni rabin kuɗi.
Na mayar masa da maɓalli biyu.
Sai daren Laraba, an ɗauke wuta, aci-balbal na hayaƙi,
na zaro burushi mafi siriri,
na je wurin na huɗu daga hagu, wanda ya ɗan duƙa.
Na ba shi hancin babana,
da tsagar gidanmu biyu a kunci,
da ido mai kallon ƙasa.
Na hau ganuwa, na zaɓi ɗigo ɗaya
na buɗe masa baki.
Ban san abin da yake faɗa ba.

Juma'a da la'asar Sajan ya dawo.
Ya daɗe tsaye, hula a hamata.
Jirgin ƙasa ya wuce, gwangwanaye suka yi rawa suka daina.
Ya miƙa yatsa, bai taɓa ba.
"Wannan, da ba shi da fuska."
Na ce, yana da ita, Sajan, ba a zana ba ne.

Ya ƙirgo cikon kuɗina, ya ƙara ɗari biyar.
Har ya kai ƙofa ya juyo.
"Na bakwai ɗin can, mai dogon wuya,
in akwai sauran fenti.
Bawa sunansa.
Kunnensa na dama a yanke yake."